Ina Ka Kai Mini Akwatina? Sana'ar Masu Rubuta Makiro

Sana'a ce da ba ta da allo a ƙofar shago, ba ta da ƙungiya, ba ta da sarki. Maƙera suna da Sarkin Maƙera, mahauta suna da Sarkin Pawa, amma mai rubuta makiro a Excel ko takamaiman suna ba a raɗa masa ba. A ofis "yaron nan da ya iya kwamfuta" ake ce masa, ko da furfura ta fara fito masa. Ana samun sa a ofishin jarrabawa na makarantun kuɗi, da sashen albashi, da kantin magani mai rassa, da kuma can ƙuryar bizines senta, bayan masu fotokwafi da masu cike fom ɗin JAMB. Yawancinsu ba don wannan aka ɗauke su aiki ba. Akawu ne ko malamin lissafi da ya gaji da maimaita abu ɗaya kullum, ya nemi hanyar da kwamfuta za ta ɗauke masa.

Makiro jerin umarni ne da ake rubutawa a ajiye a cikin fayil ɗin Excel, a danna maɓalli ɗaya ya aiwatar da abin da hannu zai wuni yana yi. Ƙarshen zango a makaranta, shi zai tara makin gwaji da na jarrabawa, ya fitar da jimla da matsakaici, ya jera wanda ya zo na 1 har na ƙarshe, ya buga wa kowane yaro takardar sakamakonsa. Ƙarshen wata a ofis, shi zai cire haraji da fansho da bashin ƙungiya daga albashin kowa. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka gwanintar tana cikin lissafin. Ba a nan take ba. Tarawa da rabawa ɗan firamare ma ya iya. Abin da ke bambanta gwani da ɗan koyo a wannan sana'a shi ne yadda kowannensu yake yi da wani ɗan akwati da yawancin masu amfani da Excel ba su taɓa tsayawa sun yi tunani a kansa ba.

Buɗe shafin Excel ka duba. Guraben sun jeru, layuka na kwance masu lamba, na tsaye masu harafi waɗanda ake kira kolum. Tun daga fitowar 2007, shafi ɗaya yana da layi 1,048,576 da kolum 16,384, wato gurbi sama da biliyan 17. A cikin duk wannan fili, ɗaya ne tak ke da kaurin baki a kowane lokaci, shi ne akwatin. A da baƙi ne, daga 2013 ya koma kore. Duk abin da ka buga, a cikinsa zai faɗa. Akawun da ke shigar da maki ba ya kallon allo sosai. Idonsa na kan takardar malamin aji, hannunsa na kan lambobi, ya dogara da cewa akwatin yana inda ya bar shi. Wannan dogaro shi ne amanar da ke hannun mai makiro.

Matsalar motsa akwatin tana da asali. Lokacin da Dan Bricklin da Bob Frankston suka fito da VisiCalc a 1979 a kan kwamfutar Apple II, da maɓallan kibiya ake yawo a shafi, gurbi bayan gurbi. Lotus 1-2-3 ta fito a Janairun 1983, ita ce kuma ta yaɗa makiro a ofisoshin duniya. Sai dai makiron Lotus ba komai ba ne illa maɓallan da mutum zai danna, an rubuta su a jere a cikin guraben shafin: a rubuta DOWN a sauka layi ɗaya, a rubuta RIGHT a matsa dama, a sa alamar ~ a madadin Enter. A raɗa masa suna da harafi ɗaya, a tashe shi da Alt. A wancan tsarin, yawancin aiki sai an tako an zo gurbin kafin a taɓa shi. Makiro tafiya ce, mai rubuta shi kuma mai ƙirga taku ne.

A 1993 Microsoft ta sa harshen VBA a cikin Excel 5.0, tilas ɗin ta kau. Daga ranar ana iya cewa a sa 75 a gurbin F20 na shafin aji 3 ba tare da akwati ya motsa ba, ba ma sai an buɗe shafin ba. To amma kusan kowa a sana'ar nan ta ƙofa ɗaya ya shigo, wato rikoda. Excel yana da maɓallin da in ka danna, zai riƙa naɗe duk abin da kake yi yana mayar da shi rubutaccen umarni. Ɗan koyo ya naɗa, ya danna Alt da F11, ya ga aikinsa ya zama rubutu, daɗi ya kama shi. Abin da bai sani ba, rikoda ba ta san nufinsa ba, sawunsa kawai take bi. Ya danna gurbi, ta rubuta Select. Ya yi wa gurbin wani abu, ta rubuta Selection. Ko gangarawa ya yi da linzami don ya duba wani abu a ƙasa, sai ta rubuta. Shi ya sa shekara 30 da ɗoriya bayan an daina buƙatar tafiyar, 'yan koyo na nan suna ta tafiya.

Rikodar tana da hali biyu, kowanne da irin ɓarnarsa. In ba a taɓa komai ba, adireshi take haddacewa. Ka naɗa a kan B2, to ko'ina aka tashe shi B2 zai koma, ya rubuta a kan abin da ya tarar. In kuma aka kunna maɓallin da ke sa ta auna daga inda akwati yake, sai ta koma rubuta ActiveCell.Offset, ma'ana daga nan matsa kaza ƙasa, kaza dama. Wannan ya fi amfani, ya kuma fi haɗari, kuma a kansa ya kamata a daɗe.

Ɗauki takardar maki irin wadda aka saba. Kolum A lamba, B suna, C gwaji na farko, D gwaji na biyu, E jarrabawa, F jimla. Mai makiro ya naɗa aikinsa akwati na kan C2: matsa uku dama, tara guraben ukun da ke hagunka, sauka layi na gaba, maimaita. Ya gwada a gaban shugaban makaranta, ya yi daidai, aka sa masa albarka. Ranar aiki malamar da ke shigar da maki ta gyara harafi a sunan yaron farko, akwati ya tsaya a B2, ta danna maɓallin. Uku dama daga B ba F ba ne, E ne. Makiro ya bi kolum ɗin jarrabawa daga sama har ƙasa yana share makin yara yana zuba jimla a madadinsa. Jimlar me? Guraben uku na hagu yanzu su ne suna da gwaji biyu. Excel kuwa in an ce ya tara da SUM, tsallake rubutu yake yi ba tare da ya ce uffan ba. Yaron da ya ci 15 da 18 a gwaji, 52 a jarrabawa, sai ga 33 a gurbin jarrabawarsa. Ba jan rubutu, ba ƙara, ba gargaɗi. Maki ne mai kama da maki. Da shirme ya fito ƙarara, da an gode Allah, domin za a gani. Irin wannan kuwa sai uba ya zo ofis da takardar amsar ɗansa a hannu.

Wani abin da ke ƙara wa lamarin zafi, Ctrl da Z ba sa dawo da abin da makiro ya canza. Da zarar ya taɓa shafi, tarihin da Excel ke riƙewa don komawa baya ya goge. Mafita ɗaya ce, a rufe fayil ba a adana ba. Amma akawun da wutar NEPA ta horar, hannunsa da kansa yake zuwa kan Ctrl da S duk bayan minti biyu. Kafin a lura an riga an adana.

Matakin farko na hankali a sana'ar shi ne makiro ya tsaya ya tambaya kafin ya taɓa komai. Wane shafi nake? Akwatin yana kolum ɗin da ya dace? Abin da aka zaɓa ma gurbi ne? Wannan ta ƙarshen ba wasa ba ce, domin in mutum ya danna tambarin makaranta ko wani zane a shafin, Selection ya koma nufin hoton, umarnin da aka rubuta don gurbi ya tsaya cik da saƙon kuskure. Gwani yakan sa layi 4 ko 5 a farko da ba su da aiki sai dubawa, in abu bai yi ba su fito da saƙo cikin harshen da mai aikin ke ji: Malama, koma kan makin gwajin farko tukuna. Makiron da ya san ya ƙi aiki ya fi wanda ke yin duk abin da aka ce.

Mataki na biyu shi ne mayar da akwati inda aka same shi. A nan ne ladabin sana'ar yake. Kowa ya san haushin karɓo mota daga gareji a tarar an ja kujera baya an karkata madubi: an yi gyaran, amma sai ka sake neman zamanka. Mai shigar da kaya yana layi na 640 a kundin sito, ya danna maɓallin sabunta jimla, ya ɗago ya ga kansa a A1 na wani shafi daban. Ba a ɓata masa komai ba, amma sai ya koma nema, in kuma bai ɗago ba, lambar da ya buga ta gaba ta faɗa inda bai nufa ba. "Malam, ina ka kai mini akwatina?" Kusan duk mai wannan sana'a an taɓa yi masa wannan tambayar.

Mayarwar ba ta da sauƙin da ake zato. Da farko abu biyu ne, ba ɗaya ba. Mutum na iya zaɓar faffaɗan yanki, a ce daga B2 zuwa D10, amma a cikin yankin gurbi ɗaya ne ke karɓar rubutu, shi ne ActiveCell. Wanda ya ajiye ɗaya ya manta ɗaya, rabin amana ya mayar. Sannan akwai shafin kansa. Kowane shafi yana riƙe da nasa akwatin, kuma Excel ba ya yarda a zaɓi gurbi a shafin da ba shi ne a gaba ba. In aka gwada, sai kuskure mai lamba 1004, lambar da kowane mai makiro ya haddace ba da son ransa ba. Dole a fara komawa shafin, ko a yi amfani da Application.Goto da ke yin duka biyun a tare. Shi ma Goto ɗin, in aka ce ya gangara, gurbin zai manna a ƙuryar sama ta hagu, mai aiki ya daina ganin layukan da ke samansa. Don haka masu tsantseni har lambar layin da ke saman allo, ScrollRow, sukan ajiye su mayar.

Akwai kuma tambayar me ake nufi da "inda yake". In adireshin aka ajiye a rubuce, C640, sannan makiro ya cusa sabbin layuka 3 a sama, C640 ya zama kayan wani. In kuma gurbin kansa aka riƙe da umarnin Set, zai bi kayansa ya koma C643, wanda galibi shi ake so. Amma in makiron ya goge layin gaba ɗaya, abin da aka riƙe ya zama babu, yunƙurin komawa gare shi kuma ya jawo wani kuskuren. Sai mai rubutu ya yanke tun farko: in an goge layin da mutum yake, ina za a ajiye shi? A layin da ya maye gurbinsa, ko a na sama? Babu littafin da zai ba da amsa. Sai an zauna kusa da mai aikin an ga yadda hannunsa ke tafiya.

Mataki na uku, wanda a ganina shi ne ainihin ƙwarewa, shi ne kada a taɓa akwatin sam. A kira kowane shafi da sunansa, kowane gurbi da adireshinsa, a kwashe dukan makin aji a lokaci guda a yi lissafin a ƙwaƙwalwar na'ura, a zubo amsa a lokaci guda. Abin da ba a ɗauka ba, ba sai an mayar ba. Ga kuma sauri, domin kowane Select sai Excel ya sake zana allo, a kan tsohuwar laftof ta gwanjo kuwa bambancin ba ƙarami ba ne. 'Yan koyo da yawa sun san layin nan na ScreenUpdating da ke hana allo ƙyaftawa, suna ɗaukarsa magani. Yana da amfaninsa, amma rufa-rufa ce: akwatin na nan yana tsalle-tsallensa, ganinsa ne kawai aka hana. Abin dariya, akwai masu ba da aiki da suka fi son ƙyaftawar. In allo ya yi ta rawa na rabin minti, sai ran Alhaji ya kwanta cewa kuɗinsa ya yi aiki. In aka gama cikin ƙiftawar ido, sai ya ce ashe abin ba wuya, a rage masa.

Ba kullum ne barin akwati ya zama daidai ba. Wani aikin, motsa shi ɗin shi ne aikin. Mai shigar da makin yara 60 yana so in ya buga na jarrabawa, akwati ya tsallake jimla ya sauko kan gwajin farko na yaro na gaba. Gwani yakan fara duba ko za a yi ba da makiro ba. Excel yana ba da damar juya inda Enter ke kai mutum, dama maimakon ƙasa, kuma in an kulle shafi aka bar guraben maki kaɗai a buɗe, Tab da kansa zai riƙa tsallake sauran. In hakan bai isa ba, sai a rubuta makiron da ke farkawa duk lokacin da aka canza gurbi ko aka motsa akwati. Tarkonsa sananne ne: makiron da motsin akwati ke tasa, in shi ma ya motsa akwati, ya sake tada kansa ke nan. Akan kashe EnableEvents kafin a motsa, a kunna bayan an gama. In kuskure ya tsayar da shi a tsakiya ba a kunna ba, sai duk makiron da ke jiran motsi ya yi shiru, a bugo waya a ce fayil ya mutu, alhali rufe Excel a sake buɗewa ya isa.

Ƙananan tarkuna ba sa ƙarewa. In an tace shafi an ɓoye wasu layuka, kibiyar ƙasa tana tsallake ɓoyayyun, Offset kuwa cikinsu yake faɗawa. Guraben da aka haɗe don rubuta sunan makaranta da takenta a sama suna rikita ƙirgar taku. Mafi yawan faruwa shi ne neman layin ƙarshe. Rikoda takan koya wa mutum ya tsaya a sama ya yi Ctrl da kibiyar ƙasa. Yaro ɗaya bai zauna gwaji ba, an bar gurbinsa fayau, tafiyar ta tsaya a nan, rabin aji ba su sami jimla ba. In kuma babu komai a ƙasa, akwati ya zarce har layi na 1,048,576. Shi ya sa tsofaffin hannu daga ƙasa suke hawowa, su fara daga gindin shafi su yi sama har su ci karo da rubutu. Ko a nan, har yau ana gamuwa da makiron da aka rubuta 65536 ƙuru-ƙuru a cikinsa, domin kafin 2007 nan ne gindin.

Kada a ɗauka wannan damuwar ƙananan ofisoshi ce. A Oktoban 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gano sakamakon mutum 15,841 da suka kamu da korona bai shiga ƙidaya a kan lokaci ba, saboda an zuba bayanan a tsohon nau'in fayil mai iyakar layi 65,536. A 2013 kuma wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya karɓi fayil ɗin da masana tattalin arziki biyu na Harvard, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka yi amfani da shi a bincikensu na 2010 kan bashin ƙasashe, ya tarar yankin da aka zaɓa don fitar da matsakaici bai kai ƙasa ba, an bar ƙasashe 5 a waje. Wannan hannu ne ya yi, ba makiro ba, amma ciwon ɗaya ne. A ofisoshin Japan har al'ada ce a mayar da akwati A1 a kowane shafi kafin a tura wa na gaba fayil, tunda Excel yana adana wurin tare da fayil ɗin, mai buɗewa kuma a nan zai sauka.

Ta fuskar abin sawa a baka, sana'ar ba ta da farashi tsayayye. Ma'aikacin da ya rubuta wa ofishinsa, galibi "Allah ya yi albarka" ce ladansa, sai kuma ƙarin aiki. Mai zaman kansa yakan yi ciniki a kan fayil, amma cin abincin yana wajen kiran da ke biyo baya: an ƙara darasi, an raba aji biyu, an canza rabon maki tsakanin gwaji da jarrabawa. Wasu sukan kulle rubutunsu da kalmar sirri don a riƙa komowa gare su. Na fahimci dalilin, amma ban ga kyansa ba, domin ranar da mai makullin ya sami aiki a Abuja, makaranta ta shiga uku ana gobe ba da hutu.

Ga kuma shingayen da suka ƙaru. Tun da ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Laroux ta ɓulla a 1996 ta hanyar makiron Excel, ake yi wa sana'ar kallon tuhuma. Daga 2007 fayil mai makiro sai da nasa nau'in, xlsm, in aka adana shi a xlsx rubutun ya tafi. A 2022 Microsoft ta fara toshe makiron duk fayil ɗin da ya zo ta intanet, sai an shiga bayanan fayil an cire masa takunkumi da hannu. Excel na waya kuma ba ya tada VBA ko kaɗan, a ƙasar da fayil ke yawo ta WhatsApp. Wasu sun koma Google Sheets, da ya sami tasa rikodar a 2018, ita ma da zaɓin nan biyu na adireshi ko taku. A can lamarin ya ƙara fitowa fili: mutum 5 na iya kasancewa a shafi ɗaya kowa da akwatinsa, kuma ana iya saita umarni ya tashi da kansa da ƙarfe 2 na dare lokacin da ba kowa a kai. Rubutun da ya dogara da inda akwati yake ba shi da abin kamawa a irin wannan lokacin.

Yanzu manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira suna rubuta makiro cikin daƙiƙu, kuma sau da yawa ya fi na rikoda tsabta. Sun rage wa 'yan koyo wahala ƙwarai. Abin da ba su gani ba shi ne Hajiyar da ke ofishin kuɗi, wadda kullum sai ta danna kan sunan ma'aikaci kafin ta danna maɓalli, ko malamin da ke barin layi fayau tsakanin maza da mata. Shi ya sa gwanayen, kafin su miƙa aiki, sukan kwafi fayil ɗin su zauna su yi ta yi masa mugunta: su ajiye akwati a kan suna su danna, su kai shi shafin da ba nasa ba su danna, su zaɓi tambari, su tace layuka, su goge maki ɗaya a tsakiya, su bar aji da yaro ɗaya tak, suna bin rubutun layi-layi da F8 suna kallon inda akwatin zai faɗa. Wannan gwajin yakan ci lokaci fiye da rubutun kansa, kuma ba ya shiga cikin kuɗin da aka yi ciniki.